Ranakun da Hitar Motarmu Ta Ƙi

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe takwas da rabi na safe

Wilmar bakanike ne ya ce in sami littafi in riƙa rubuta rana da lokaci duk sa'ad da hitar motar ta yi gardama, da irin sanyin da ake yi, da abin da na taɓa kafin nan. Ya ce motar lantarki ba ta tari ba ta nishi kamar tsohuwar a-kori-kurarmu, sai an bi sawunta a rubuce. To ga shi na fara. A ɓoye na kira shi daga kicin ɗin makaranta, don kada mijina Heber ya ji.

Yau aka dawo daga hutun sanyi. Sanyi ya kai digiri biyu ƙasa da sifili. Raɓa ta daskare a kan ciyawa tun daga garinmu Minas har ƙofar makaranta, kilomita ashirin da biyu, hita kuwa sai huci mai sanyi take yi mini kamar an buɗe firji. Na iso yatsuna ba sa iya riƙe wuƙa. Yara ashirin da ɗaya suna jiran madara mai zafi, ni mai dafa musu ina nan ina ɗumama hannu a jikin tukunya.

Tun jiya ta fara. Heber ya ce kada in kuskura in kai wa Wilmar. "Shekara arba'in ina gyara firjin garin nan da iyakwandishan ɗinsu, tsohuwa. Wannan motar firji ce aka sa wa taya. In kina son sanyi ta kwashe zafin ciki ta zubar waje, in kina son ɗumi ta juya aikin. Me Wilmar ya sani da ban sani ba?"

Na ce ni dai ƙafafuna nake so su dawo.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Mun yi awa biyu a gareji, ni da shi da filas ɗin mate, shayin ganyen da muke sha. Ya sa shuɗiyar rigarsa ta aiki, wadda bai sa ba tun da ya rufe shago bara. Shi ke faɗa, ni ke yi, wai idona ya fi nasa ganin ƙananan rubutu.

Mun duba ko na danna tsarin tsimin batir ban sani ba. Ban danna ba. Mun kashe allon motar mun sake kunnawa. Sannan ya sa na cire aljihun gaban mota, muka zaro matatar iska. Abin da muka tarar! Ganyen turare, gashin kare, da wata sheƙa da ɓera ya fara bai gama ba. Heber ya ɗaga ta sama yana dariya har da tari.

"Kin ga? Kin yi wata takwas kina yawo da ɗan haya ba ki sani ba."

Muka kakkaɓe muka mayar. Iska ta ƙara ƙarfi, amma har yanzu mai sanyi ce.

Ya ba ni labarin ɗakin sanyin mahautan da ya gyara shekarar da aka haifi 'yarmu Iliana, har lambar kwamfireson, injin da ke sanyaya shi, ya faɗa mini. Muna rufe gareji ya ce, "Gobe sai mu duba matatar iska." Na ce to.

Ya ci abinci sosai.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na fasa zuwa koyon waƙa, na ce masa rakiya zai yi mini kasuwa, na karya kan mota zuwa garejin Wilmar. Ya yi fushi na minti ɗaya. Su biyun nan tun suna aji uku suke faɗa, kuma Wilmar ne ya riƙe Iliana ranar baftisma, ba inda za su kai juna.

"Ga ɗan makaranta," in ji Heber, don Wilmar yana da shekara sittin da ɗaya ya je Montevideo ya koyo gyaran motocin lantarki. "Sun ba ka alewa da ka ci jarrabawa?"

"Sun ba ni haƙurin zama da tsofaffin masu gyaran firji. Uwar ɗiyata, yaya kike yi da shi har yanzu?"

Ya jona ƙaramar kwamfutarsa, ya auna nan, ya auna can. Ashe bayan babban batirin da ke ƙarƙashin mota akwai ƙarami irin na kowace mota, shi ke tashin fanka da fitilu da duk ƙwaƙwalwar. Shi ne ya raunana, sanyi ya ƙarasa shi, motar ta riƙa yanke hita don ta tsira da sauran. Ya canja shi. Kafin mu kai kwanar gidan burodi na cire safar hannu.

Kafin mu tafi Wilmar ya nuna mana manyan wayoyi masu ruwan lemo a ƙarƙashin murfin gaba. Ya ce, "Waɗannan ko ni sai da safar roba da addu'a. Wutar cikinsu ba ta yin gargaɗi." Ni yake yi wa magana, amma ba ni yake kallo ba.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Ɗumi har cikin ƙashi. Na yi waƙa a hanya.

Juma'a, 11 ga Yuli, ƙarfe takwas da kwata na safe

Sifili daidai. Yau ko hucin babu. Allo yana nuna digiri ashirin da huɗu, yana nuna fanka tana juyi, amma shiru kake ji. Na gwada ɓangaren sanyi, shi ma shiru. Jiya da rana lafiya na ajiye ta, na jona caji, na tafi koyon waƙa da ƙafa. Ban taɓa komai ba.

Filas ɗin ruwan zafi da muka kwana biyu muna nema yana cikin firji, bayan tukunyar wake. Ba komai. Ni ma na taɓa sa gishiri a kofi.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wilmar ya buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haska. Gurbin fiyus ɗin fanka wayam. Ba ƙonewa ya yi ba, babu shi ne kwata-kwata.

Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila shi ya sassauta shi ranar da ya canja batir, ya faɗo a hanya. Muka duba ƙarƙashin kujera, muka ɗaga shimfiɗa, babu. Ya sa sabo, fanka ta tashi.

Heber ya sami abin yi. "A rubuta a jarida! Bakanike mai takardar Montevideo ya zubar da fiyus. Ni a shekara arba'in ko kusa ɗaya ban taɓa ɓatarwa ba."

"Ka ɓatar da gashin kanka, wa ya yi magana?"

Na ji daɗin dariyarsa. Har muka iso gida yana maimaita zancen, sau uku, kuma kowane karo na yi dariya kamar na farko.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Hita lafiya.

Iliana ta kira daga Salto. Ta yi hira da babanta a kan ƙwallo, sannan ta ce a ba ta ni. Na fita tsakar gida.

"Mama, kin karanta takardar likita?"

Na ce tana nan a aljihun tebur, ƙarƙashin mayafan teburi, ba abin da zai same ta.

"Ba ajiya na tambaye ki ba."

Na ce ranar shida ga Agusta ai za mu koma, likitar za ta faɗa da bakinta. Me ya sa zan karanta abu sau biyu? Matar nan ta sa mutumin da ya ja wayar wutar rabin unguwar nan ya zana mata agogo a takarda kamar ɗan aji ɗaya. Kowa aka zuba wa ido haka sai ya ruɗe.

Iliana ta ce, "Mama." Haka kawai. Na ce miya tana ƙonewa.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Uku ƙasa da sifili. Shiru kuma.

Na makara, sai na tafi a haka. Numfashina ya rufe gilashin gaba daga ciki, ina gogewa da gyale yana daskarewa. Na sauke gilashin gefe, iska tana yankar kunnena. Bayan gadar nan ƙarama wata baƙar saniya tana tsaye a tsakiyar hanya, ban gan ta ba sai da ta cika mini ido. Na taka birki, motar ta ja gefe ta tsaya da hancinta a jikin shinge. Saniyar ko motsi ba ta yi ba.



Laraba, ƙarfe uku na rana

Daga makaranta na wuce wurin Wilmar ni kaɗai. Gurbin nan dai, wayam.

Ya goge hannu ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Zulma, fiyus ba shi da ƙafa. Ranar Asabar da hannuna na danna shi, sai da filaya zai fita."

Na ce wataƙila ɓeran ne.

"Wataƙila," in ji shi.

Ya sa na durƙusa, ya nuna mini gurbin, layi na biyu, na huɗu daga hagu. Ya ba ni fiyus biyar a ƙaramar leda, da ɗan matsefin roba na cirewa. Ya sa na saka na cire har sau uku. Ya ce kullum da safe in kunna fanka kafin in fito daga gareji.

Da zan shiga mota ya ce, "Wa ke gida in kin tafi waƙa?"

Na ce waƙar da muke koya tana da wuya, masu siririyar murya sun kasa hawa.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Hutu ne, ba makaranta. Na kunna fanka don gwaji, shiru. Na durƙusa na saka sabo, minti biyu. Bai sani ba.

Sai na ce bari in yi wanki. Shuɗiyar rigar tana rataye bayan ƙofar gareji. Na laluba aljihun ƙirji kamar yadda nake yi shekara arba'in da ɗaya, don kullum da ɗan sukuru ko guntun waya a ciki.

Fiyus uku ne. Kore-kore, ƙanana, lafiyarsu ƙalau.

Na zauna a kan bokitin fenti.

Tun muna saurayi da budurwa na san wannan. Duk gidan da ya shiga aiki, kafin ya taɓa komai sai ya cire fiyus ya jefa a aljihun ƙirji ya maɓalle. Wai in ka bar shi a kan tebur, wani mai kirki zai zo ya mayar maka da wuta kana riƙe da waya. Ya koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya sa har yau yatsunsa goma cif.

Ke nan yana zuwa ya gyara mini mota. Ya sa riga, ya yanke wuta yadda ya kamata. Daga nan kuma ban san me ke faruwa ba. Ya tsaya, ina jin. Ya rataye riga ya koma ciki.

Na zuba su a gwangwanin maɓallai. Na wanke rigar na goge ta.

Ya ci abinci sosai.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

An yi ruwa. Na soya masa fanke, ya ce sun fi na mahaifiyarsa. Ba su fi ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Wilmar ya zo cin gasasshen nama kamar kowace Lahadi ta uku. Ana cikin ci Heber ya ajiye wuƙa.

"Yaushe za ka gyara wa matata hita? Kullum tana tafiya cikin sanyi kamar marainiya."

Na ce ai tana aiki, tsoho.

"Ba ta yi. Wannan ya karɓi mota ya lalata. Yana cire kaya masu kyau yana sa na banza, na san irinsu. Ban zaci kai ma haka kake ba."

Ba wasa a muryarsa. Na san muryar wasansu, wannan ba ita ba ce. Fuskar Wilmar ta yi ja har wuya. Mutum ne da ba a taɓa gaskiyarsa ya kwana. Na ga ya buɗe baki, na ga ya dube ni, na ga ya rufe.

Ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗan'uwa. Ban yi aikin da kyau ba. Zan sake dubawa."

Bai ƙarasa namansa ba. Na raka shi bakin ƙofa. Ya dafa kafaɗata ya ce naman ya yi gishiri daidai.

Da na dawo Heber yana tambaya me ya sa Wilmar ya tafi da wuri, ko ba shi da lafiya ne.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, sannan in rufe littafin.

Na je waƙa. Muryata ta ƙi fita, sai na dawo tun biyar ba ta yi ba. Ƙofar gareji a buɗe. Mota tana jone da caji, koren haskenta yana ƙiftawa. Murfin gaba a ɗage. Ya cire baƙin marfin roba ya jingine shi a bango, ya jera sukurorin a kan tsumma bisa tsari, yadda ya saba. Yana sunkuye, sifana a hannu, hannu tsirara, yana neman bakin babbar wayar nan mai ruwan lemo.

Ban san ina da irin wannan ihun ba. Na cakumi rigarsa ta baya na fizgo, muka faɗi tare a kan buhun gawayi. Sifana ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin mota.

"Kin haukace ne? Na yanke wuta!" Ya bugi aljihun ƙirjinsa. "Ga shi nan!"

Na ce wannan na fanka ne kawai, Heber, na fanka ne, babban batirin yana nan da ransa. Ina faɗa ina dukan ƙirjinsa. Ban taɓa dukansa ba.

Ya dube ni kamar wata baƙuwa ta shigo masa shago. Ya ce, "Ke za ki koya mini wuta?"

Na kira Wilmar ya zo ya mayar da marfin. Na sa wa gareji kwaɗo. Makullin gareji da na mota suna cikin rigar mamana.

Gwiwarsa ta ƙuje. Bai bari na wanke masa ba.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Hita lafiya. Ya haɗa mate ya sha shi kaɗai, bai miƙo mini ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ban je waƙa ba. Sau biyu na ji shi yana jijjiga kwaɗon. Na biyun ya zo ya tambaye ni cikin ladabi ko na san wanda ya kulle masa gareji. Na ce ni ce. Ya ce, "Me na yi?"

Gara fushin.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na kira Iliana daga bayan kicin na gaya mata duka. Ta ce a sayar da motar. Na ce in an sayar da mota akwai firji a gida, akwai injin wanki, akwai mitar wuta a bango. In sayar da gidan ne?

Ta yi kuka, na yi. Malamar aji ta leƙo ta ce ko albasa ce, na ce albasa ce.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ya tashi garau. Akwai ranaku irin haka, idonsa ya dawo nasa. Ya yi aski, ya haɗa mate, ya miƙo mini na farko. Sannan ya ciro kalanda daga bango ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauko fensir.

"Wilmar ya ce kina rubuta ranakun da take ƙi. Karanto mini."

Na ce littafin ya cika da shirme.

"Ranakun kawai, tsohuwa. Cutar da ke zuwa tana tafiya ba a kama ta da sifana, da kalanda ake kama ta."

Na karanto, ina tsallake abin da ba nasa ba. Sha ɗaya. Sha shida. Sha takwas ma na faɗa, wadda bai sani ba. Yana zagaye su. Ya tambayi sanyin kowace rana, ya ce ba sanyi ba ne, tunda ranar sha huɗu ma an yi sanyi ba ta ƙi ba. Ya tambaya ko bayan caji ne, na ce kullum ina caji. Ya tambayi abin da Wilmar yake samu. Na ce fiyus.

"Ya ƙone?"

"Babu shi."

"Kowane karo?"

"Kowane karo."

Ya koma kan kalanda. Ya sa bakin fensir a kan kowace rana ya ja baya da kwana ɗaya. Alhamis. Talata. Alhamis. A kowane gurbi akwai rubutuna, waƙa, ƙarfe huɗu. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙujewar gwiwarsa. Na ga hannunsa ya tafi aljihun ƙirji, ko da yake rigar sanyi ce a jikinsa, ba ta da aljihu.

Ya ce, "Kawo su."

Na kawo gwangwanin maɓallai na juye. Ya tsince su ya jera. Huɗu, da na ranar Talata.

Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga. "Lafiyarsu lau. Motar ma lafiyarta lau." Ya ajiye. "To, an gano matsalar."

Na ce Heber.

"A'a, bari. Aiki ne mai kyau, a yaba mini. Wilmar da takardarsa sati biyu bai gano ba."

Na ce ya gano.

Ya ɗago kai. "Kuma ya bar ni na zage shi a kan nama?" Ashe wannan ya zauna masa. Ban san yadda abin yake zaɓar wanda zai ɗauka da wanda zai bari ba.

Na gaya masa zancen saniyar. Ban yi niyya ba, ya fito. Nan ne ya rufe fuska da hannu biyu. Na zagaya na rungume kansa, yana cewa da na kashe ki, da na kashe ki, ni kuma ina cewa ɗumi kake nema mini, tsoho, na sani.

Da ya natsu ya tashi ya ɗauko makullin akwatin kayan aikinsa daga cikin zoben makullansa. Da ƙyar ya fita, ya ƙi in taya shi. Ya sa mini a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai.

"In na tambaye ki gobe, kada ki ba ni. In na yi faɗa, kada ki ba ni. Wanda ke magana da ke yanzu shi ne mai shagon. Ki bi maganarsa."

Sannan ya ce a ɗauko takardar nan ta ƙarƙashin mayafai, ya san tana can. Muka karanta tare. Ba ta da tsawo.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe uku da rabi na rana

Ashirin da tara ga wata ce, ranar da a al'ada ake cin curin dankali, na yi da yawa, muka kai wa Wilmar a kwano. Heber ya rubuta a bayan hannunsa da biro don kada ya manta abin da ya kai shi. Ya tsaya a bakin gareji ya ce, "Na ce maka ɓarawo."

"Ka ce mini abin da ya fi haka a aji biyar."

"Ka yafe."

"Miƙo kwanon tukuna in ga ko ya kai."

Suka rungumi juna suna bubbuga baya kamar masu kashe gobara.

Wilmar ya ce tunda an zo, bari a gwada ɓangaren sanyi kafin bazara ta riske mu. Ya kunna. Heber yana tsaye nesa, hannuwa a baya, ya karkata kai. Ya ce, "Kashe. Sake kunnawa." Ya saurara. "Kwamfiresonka yana tashi yana kwanciya da wuri. Gas ya ragu. Yoyo ne ƙarami, duba wajen mahaɗa."

Wilmar ya ce kwamfuta ba ta nuna komai ba. Heber ya ce kwamfuta ba ta da kunne. Aka jona ma'auni. Ya ragu, kaɗan. Aka shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, sai ga kumfa tana tashi ƙanana-ƙanana.

Wilmar ya cire hula. Ya ce daga yau duk Talata da Alhamis ƙarfe huɗu yana buƙatar kunne a garejinsa, akwai kujera, akwai mate, hannu a aljihu. Heber ya ce zai duba ko yana da lokaci.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na je waƙa. Masu siririyar murya sun hau.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Ya nemi makullin. Ya yi faɗa. Ban ba shi ba.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe goma saura na safe, Montevideo

Muna zaune a mota a gaban asibiti, mun iso da wuri. Iliana tana hanya daga tashar bas. Sai goma da rabi za a kira mu.

Mun baro Minas da ɗaya ƙasa da sifili. Ya sa rigar da ya sa ranar auren Iliana. Ya riƙe filas yana zuba mini mate a duk inda hanya ta miƙe. Bayan Solís ya tambaye ni ina za mu, na gaya masa. Wajen Pando ya sake tambaya, na sake gaya masa, da sunan likitar da abin da za ta duba. Ya ce, "To. Gara a duba."

Da muka shigo gari ya cire safar hannunsa, ya ɗora tafinsa a bakin hita, ya bar shi a can. Ya lumshe ido.

"Wannan ɗumi ne na gaske. Ba ta lalace ba kwanaki?"

Na ce ta lalace.

"Wa ya gano matsalar?"

Na ce kai.

Ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya kamo hannuna na dama daga kan sitiyari, ga danja ta tsayar da mu, ya haɗa da nasa a bakin hitar.

"Yatsunki ƙanƙara," in ji shi. "Bar su nan tukuna."

Na baya suka yi ta hon. Na bar su.